Rijiyar da ta ba da ruwan ɗaci: nazarin lamarin wani ɗalibin aikin gona da ya karanci jiyoloji a gefe

Na daɗe ina koyar da kimiyyar rayuwa da ta ƙasa a makarantar sakandare a Tawa. Duk shekara idan sakamakon bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, ya fito, iyaye kan zo ƙofar gidana da tambaya iri ɗaya: wane fanni ne ke ba da aiki? Da zarar jiyoloji ya shigo cikin maganar, wato ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai hankalin kowa ya tafi Arlit da Agadem. Uba ya fara hango ɗansa da hular kwano a kamfanin uraniyom ko na man fetur. Idan kuma aka ce yaron ba zai ɗauke shi babban fanni ba, a gefe kawai zai karanta shi, sai ka ji an ce to ai ɓata lokaci ne. Lamarin da zan kawo shi ne ya sa na daina yin shiru idan na ji wannan magana. Ya shafi ɗan ƙanwata da wata rijiya a ƙauyenmu na Adar. Ba zan ambaci sunan yaron ko na ƙauyen ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu ma har yau ba su huce ba.

Yadda duwatsu suka shigo masa karatu

Yaron ya ci bak a sashen kimiyya, ya tafi Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni da ke Harobanda, a ƙetaren gadar Kennedy. Jami'ar ta faro a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana, a 1992. Aikin gona ya zaɓa, kuma da dalili. Ɗan manomi ne, ya tashi yana ganin gonar ubansa tana komawa fako shekara bayan shekara.

A Amurka ɗalibi kan zaɓi babban fanni da ƙaramin fanni, a rubuta masa duka biyun a takardar sakamakon karatunsa. Mu nan tsarin Faransa muka gada, wanda yanzu ake kira LMD: shekara 3 a samu lisans, 2 a samu masta, 3 a kai dakta. Kowane zangon karatu yana da kiredi 30, lisans kuwa 180. A wannan tsari jiyoloji kan zo wa ɗalibi a gefe ta hanya biyu. Ko dai yana cikin darussan tushe da ake ɗora wa masu karatun aikin gona da labarin ƙasa da masu shirin koyar da kimiyya irina, ko kuma ɗalibi ya neme shi da kansa. Ko ta ina ya zo, takardar ƙarshe sunan babban fanni kaɗai take ɗauka.

Ana ba da maki bisa 20, ana kuma haɗa darussa a fitar da matsakaici. Saboda haka ɗalibai sun san darasin da za su yi wa sakaci su cike giɓin da makin wani. Jiyoloji ne yaron ya zaɓa ya yi wa haka a shekarar farko, lissafin bai fita ba, sai da ya sake zama jarrabawar. Ya kira ni a waya ransa a ɓace.

"Kawu, ni fa gero da albasa na zo koyo. Me ya haɗa ni da haddace sunayen duwatsun da ban taɓa gani ba?"

Ban yi masa wa'azi ba. Na ce idan zai taho hutu ya nemi kujerar bakin taga, kada ya yi barci, ya rubuta mini launin ƙasa da siffar tuddai daga tasha har Tawa. Na daɗe da sanin cewa hanyar nan mai kimanin kilomita 550 ta fi kowane allo iya koyar da jiyolojin yammacin Nijar.

A Yamai, idan kogin Isa, wato kogin Neja, ya janye da bazara, akwai duwatsu masu tauri da ke fitowa a cikin gadonsa. Su ne tsofaffin duwatsun Liptako, masu shekara kimanin biliyan 2, waɗanda ke ɗauke da zinaren Samira da Komabangu can yamma. Daga gabashin kogin sai su nutse, wasu shimfiɗu na yashi da yumɓu su hau kansu. Wannan shi ne babban kwarin da masana ke kira Iwillimmidan, da sunan Abzinawan yankin, wanda ya rufe yawancin yammacin Nijar ya shiga Mali da Benin da ƙasar Sakkwato. Mota za ta gangara Dallol Boso, tsohon kogin da ya ƙafe tun dubban shekaru amma ya bar ruwa kusa a cikin yashinsa. Za ta wuce Dogon Dutsi, inda tuddai suke da kai a baje kamar an yanke da wuƙa, domin marmarar da ke samansu ta fi abin da ke ƙarƙashinta tauri. Bayan Tsarnawa, idan aka kama hanyar Badagishiri, sai farin dutse ya fara leƙowa a jikin gangare. Wannan farin dutse a ƙarƙashin teku ya taru, shekara kimanin miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani hannun teku ya rufe yankin. Shi ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti, shi ne kuma ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato.

Ya iso gidana da shafi huɗu a rubuce. Kwana biyu bayan ya wuce ƙauye sai ya dawo da aljihu cike da ƙananan duwatsu masu siffar katantanwa da kumba, irin waɗanda yana yaro yake sa wa danƙo ya harbi tsuntsu. Ya zube su a tabarma, ya ce, "Kawu, ashe halittun teku na yi ta jifa da su." Tun daga ranar ban sake jin ƙorafin haddar sunaye ba.

A shekara ta biyu da ta uku ya nemi duk darasin jiyolojin da ya iya kaiwa gare shi, wani da rajista, wani ya shiga ya zauna a baya kawai. Ya koyi karanta taswirar duwatsu, ya koyi zana yadda shimfiɗun ƙasa suke hawa kan juna idan aka yanka tudu, ya koyi gwada dutse da farce da wuƙa da ɗigon ruwan asid, ya kuma sha tushen ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Abin da bai samu ba shi ma yana da yawa. Bai yi makonni a daji yana zana taswira da hannunsa ba, kamar masu babban fannin. Bai taɓa riƙe na'urar auna ƙasa da lantarki ba. Bai taɓa tsayawa kan rijiya ana jan ruwa da inji ana auna saukarsa awa bayan awa ba. Kuma abin bai zo masa a banza ba: darussan sukan yi karo da na aikin gona, makinsa na babban fanni ya ɗan sauka, mahaifiyarsa ta yi ta yi mini magana cewa ni na raba masa hankali biyu.

Rijiya ta farko

Ƙauyenmu yana gindin dutse ne, a kan gangare. Kwari yana ƙasa, tafiyar da ta isa ta gajiyar da mace mai tulu a ka. Tun kakanni a cikin yashin ƙoramar kwarin ake tona ramuka a ɗebi ruwa. Kamar yawancin ƙauyukan Adar, rabin mazan garin suna ci-rani, wasu a Abijan, wasu a Libiya. Su suka haɗa kuɗi na tsawon shekara biyu domin a gina rijiyar siminti. Wanda ya fi kowa ba da kuɗi, wani Alhaji mai niyyar alheri, ya nemi a haƙa ta a saman gari, kusa da masallaci da gidan marigayi mahaifinsa, ta zama sadaka mai gudana. Ban ga laifin niyyarsa ba, har yau ban gani ba. Mata za su huta da hawan gangare, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Mai haƙar rijiyar dattijo ne da ya gaji sana'ar. An ce ya zagaya wurin, ya ce, "Alhaji, ƙasar ga ba ta ruwa ba ce." Aka ce masa haƙa aka kira shi ya yi. Talaka ne mai iyali, aiki ne na watanni, ya sa hannu.

A wajen gaba 14 ruwa ya fara tsattsafowa. Aka yi yanka, aka yi addu'a, aka aika hotuna Abijan. Kafin wata ya zagayo mata suka fara magana ƙasa-ƙasa. Sabulu ba ya kumfa. Wake ya wuni kan wuta bai nuna ba. Ruwan yana da ɗan ɗaci a bayan harshe, yara kuma suna zawo. Bayan haka rijiyar ba ta tara abin kirki: waɗanda suka yi sammako su ja guga kaɗan, sai laka.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma garin ya shiga neman dalili ta inda ya saba nema. Wasu suka ce an binne wani abu a wurin. Aka fara nuna wani gida da ke da tsohuwar rigimar gona da gidan Alhaji. Wasu suka ce mai haƙar ne ya ci amana. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna a duk lamarin, domin rijiya ana iya sake haƙa wata, amma tsohuwar da aka fara kauce wa a wurin biki saboda zargi, ba a mayar mata da abin da aka ɗauke. Shawarar da ta yi rinjaye ita ce a sake tara kuɗi a ƙara zurfi, wai ruwa mai daɗi yana ƙasa kaɗan.

Abin da yaron ya yi

Ya zo hutu ana cikin wannan. Bai fara da leƙa rijiyar ba. Tarin ƙasar da aka fitar ya nufa, wanda ke jibge a gefe ba mai kallonsa. Ya je ya gaida dattijon mai haƙa, ya zauna ƙasa, ya ce, "Baba, so nake ka faɗa mini abin da ka tarar, gaba bayan gaba." Dattijon, da ya yi wata biyu ba wanda ya tambaye shi komai sai zagi, ya lissafa masa kamar yana karantawa: jar ƙasa da tsakuwar marmara a sama, sai farin dutse mai wahalar fasawa, sai wani yumɓu mai ruwan toka da ke ɓarewa falle-falle kamar takarda, a cikinsa kuma wasu duwatsu masu ƙyalli kamar gilashi. Daga jikin wannan yumɓu ruwan yake tsattsafowa.

Yaron ya zana su a jere a littafinsa. Ya ɗiga asid a farin dutsen, ya tafasa: dutsen farar ƙasa ne. Ya ɗiga a mai ƙyallin, bai motsa ba. Ya karce shi da farce, ya kartu. Jips ne, wanda matan wasu ƙauyukan Adar ke tsinta a kai Malbaza, inda ake zuba kaɗan a cikin siminti don kada ya yi saurin daskarewa. Da yamma suka hau kwazazzabon bayan gari shi da dattijon, suka ga jerin nan a fili a jikin dutsen, yadda aka tarar a cikin ramin: marmara, farin dutse, yumɓu mai falle. Ya ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, na raka shi inda ake gwajin ruwa a Tawa. Sakamakon ya nuna gishirin sulfat da kalsiyom sun yi yawa ƙwarai. Mutum kan fara jin ɗanɗanon sulfat a ruwa daga wajen miligiram 250 a lita, na rijiyar nan ya wuce haka nesa.

Daga nan bayanin ba shi da wuya. Jips yana narkewa a ruwa, kimanin giram 2 a kowace lita. Kalsiyom ɗinsa ke hana sabulu kumfa ya kuma ƙanƙame wake, sulfat ɗinsa ke ba da ɗaci ya saki cikin wanda bai saba ba. Yumɓu kuwa yana riƙe ruwa amma ba ya sakinsa, shi ya sa rijiyar take kwana ba ta cika ba. Batun ƙara zurfi shi ne ya fi muhimmanci. A ƙarƙashin wannan yumɓu akwai wasu shimfiɗu masu kauri da yawancinsu laka ce. Babban ruwan ƙarƙashin jihar Tawa yana can cikin tsohon yashin da masana ke kira Kontinantal Antarkalar, a zurfin ɗaruruwan mita, inda sai injin foraj, wato na haƙa rijiyar burtsatse, ke kaiwa. Duk gabar da za a ƙara da hannu kuɗi ne za a zuba a rami, ga haɗarin rushewa, domin irin wannan yumɓu yana kumbura idan ya jiƙa.

Sanin gaskiya daban, faɗarta a gaban manya daban. Yaro ne da bai kai shekara 25 ba, zai gaya wa Alhaji cewa sadakar da ya yi wa mahaifinsa ta faɗa wurin da bai dace ba. Ya zo ya tambaye ni. Na ce ya bi ta hannun mai gari, kada ya ambaci wanda ya zaɓi wurin, ya kuma bar dattijon ya yi bayanin shimfiɗun da bakinsa. Sauran dabarar tasa ce, ba tawa ba. Ya daka jips ya zama gari, ya jiƙa shi cikin ruwan kwari ya kwana. Da safe a ƙofar gidan mai gari ya ajiye ƙwarya uku: ruwan kwari tsantsa, ruwan sabuwar rijiya, da ruwan kwarin da jips ya kwana a ciki. Ya roƙi mata uku su wanke tsumma da sabulu ɗaya. Ƙwaryar farko ta yi kumfa. Ta biyu da ta uku suka yi dusa-dusa iri ɗaya. Gani ya kori ji. Wata tsohuwa, ƴar uwar wadda ake zargi, ta dubi ƙwaryar ta ce, "Ashe dutse ne, ba mutum ba."

Idan an tambaye ni abin da darussan gefe suka saya, wannan safiya nake nunawa. Sun hana a zuba kuɗin ci-ranin wata shekara a rami, sun wanke mutum biyu daga zargi. Gwajin ruwan nan kuma ba ado ba ne. Duk ɗan Nijar da ya kai shekaruna yana tuna Tibiri ta jihar Maraɗi, inda yara suka yi shekaru suna shan ruwan foraj mai yawan sinadarin fuluwor, haƙoransu suka lalace, ƙasusuwan wasu suka tanƙware. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa fuluwor miligiram 1.5 ce a lita, kuma shi ba ya ɗaci ballantana mata su gane a baki. Jips ya yi mana adalci da ya tona kansa.

Inda ya wuce gona da iri

Da labarin ya tsaya nan da na ji daɗin rubuta shi. A wannan taro mai gari ya juyo ya ce, "To, ɗana, ina za mu haƙa?" Amsar da ta dace ita ce: a cikin kwari, amma ainihin wurin sai an kira masu auna ƙasa. Yaron bai faɗi haka ba. Ido ya yi masa yawa, an gama yaba shi, kuma ya ga kamar abin a fili yake. Ya nuna wani wuri a gefen kwarin da ya fi kusa da gari, inda akwai manyan gawo da yashi mai laushi. Ya kimanta kaurin yashin daga abin da ya gani a gaɓar ƙorama.

Dattijon ya yarda da kwarin, amma ya nemi abu biyu: a matsa tsakiya, kuma a jira bazara, lokacin da ruwa ya kai ƙarshen saukarsa. Mutane suna gaggawa, ƴan ci-rani sun zo gida bayan kaka da ragowar kuɗi a hannu, za su koma. Yaron ya ce yana ganin babu matsala. Aka sake danne maganar dattijon, wannan karo da sunan boko. Ina wurin, ni ma na yi shiru, domin ina alfahari da ɗan ƙanwata. Wannan laifina ne kuma na ɗauka.

A watan Disamba aka samu ruwa mai daɗi a gaba 5, yana ɓulɓulowa har ya hana ci gaba da haƙa. Aka zura zobban siminti aka rufe aiki. A Afrilu ruwan ya sauka ƙasa da zoben ƙarshe. Da aka shiga a ƙara zurfi, ba a yi nisa ba aka ci karo da yumɓun nan mai falle. Wurin ashe kafaɗar tsohuwar hanyar ruwa ce, yashin sama-sama ne. Tsakiyar hanyar, inda yashi da tsakuwa suka yi kauri, tana can gaba a binne, ba a ganinta da ido.

Yaron ya karanta cewa ruwan ƙasa yana hawa da damina ya sauka da rani, ya ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Bai dai taɓa auna shi ba, bai san ko gaba nawa yake sauka a kwarin garinsu ba. Ya kuma ji labarin auna ƙasa da lantarki, inda ake kafa turaku a jere a saki wuta, yashi mai ruwan daɗi ya fi yumɓu tirjiya, a gane kaurin kowanne ba tare da haƙa ba. Sau ɗaya ya ji shi a aji, aka wuce. Mai babban fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba zai yarda ya nuna wuri ba sai ya yi wannan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji magabata, amma ni ba na ɗora laifin a kan ƙanƙantar sanin. Da wannan sanin ya gane jips. Abin da ya rasa shi ne gane bakin iyakarsa, kuma na lura darasin gefe ba ya koyar da wannan da kansa, domin ɗalibi yana jin sunan kowane aiki ba tare da ya ɗanɗani wahalarsa ba.

Shekara ta zagayo kafin a samu wani ma'aikacin ruwa ya zo da na'urarsa. Yaron ne ya rubuta takardar neman, ya haɗa da zanen shimfiɗun da sakamakon gwaji, kuma ma'aikacin ya ce wannan ya rage masa aikin kwana biyu. Yaron ne ya riƙa jan waya yana kafa turaku a rana. Wurin da aka samu bai fi jifa biyu daga inda dattijon ya nuna tun farko ba. Aka haƙa ta uku a watan Mayu. Kuɗin ƴan ci-rani ya ƙare, ragowar daga adashin mata ya fito, su da suka yi ƙarin shekara guda suna tona yashi. Ba na son a karanta wannan lamari a manta da wanda ya biya kuskuren.

Takarda da aiki

Bayan lisans ya nemi aiki a wani kamfanin haƙar ma'adinai, ba a ko kira shi ba, domin takardarsa aikin gona ta ce. Ya tambayi hanyar shiga masta a fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka lissafa masa darussan da sai ya cike tukuna, kuma da gaskiyarsu. Shi ya sa nake gaya wa iyaye ƙarara: wanda ke son ɗansa ya yi aikin uraniyom irin wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, ko gawayin Anu Araren, ko man Agadem da ake tacewa a Damagaram tun 2011, to ya sa shi jiyoloji gaba ɗaya, ko ya nemi makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai. Darasin gefe ba ya buɗe wannan ƙofa, kuma duk wanda ya ce yana buɗewa yaudara yake yi.

Aikin da ya samu na farfaɗo da ƙasa ne, tare da ƙungiyoyin manoma a nan jihar Tawa. Adar tana da tarihi a wannan fage. Shirin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya ya sa dubban mutane, yawancinsu mata, jera duwatsu da haƙa ramuka a kan tuddai. Manoman Ilela da Badagishiri sun mayar da fako gona da tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwan sama. A kwaruruka kuma ana gina ƙananan madatsai da ke baza ruwan ƙorama ya nutse maimakon ya wuce da gudu. Duk waɗannan ayyuka tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinsu: idan ruwa ya tsaya a nan, ina zai shiga? A kan yashi zai nutse ya ciyar da rijiyoyi. A kan yumɓu mai falle zai kwanta rana ta shanye shi. Masana sun ga irin wannan a gabashin Yamai, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hawa tun shekarun 1960 duk da farin da aka sha, saboda sare daji ya sa ruwan sama yana gangarawa ya taru a tabkuna, ta nan ya nutse. Abokan aikinsa sun san ƙasar da garma ke kaiwa. Shi yana ƙara duba abin da ke ƙarƙashinta, kuma sau biyu na ji ya ce wa masu aiki a dakata da ginin madatsa har sai an kira mai na'ura.

Rijiyar farko tana nan kusa da masallaci, an yi mata murfi, da ruwanta ake kwaɓa ƙasar gini. Alhaji yana amsa gaisuwar yaron amma ba ya ƙarawa da komai. Ta biyu tana ba da ruwa daga damina zuwa ƙarshen ɗari, masu lambun albasa ke amfani da ita. A bakin ta uku akwai igiya mai ƙulli-ƙulli da yaron ya bari a hannun ɗan dattijon, tare da littafi. Ranar farko ta kowane wata, kafin mata su fara ja, ɗan dattijon yakan zura ta ya rubuta inda ruwa yake. A Mayun da ya wuce ruwan ya sauka gaba 2 daga inda yake da kaka, da sauran zobe 3 a cikinsa.